Ɗari a Cire Bakwai

Shekara talatin da ɗaya babana ya yi a bakin sikeli,
a masana'antar sukari ta Labasa, gefen kogin Qawa.
Jirgin rake kan iso da taragunsa a jere,
kafin akawu ya gama danna na'ura, Bisun ya faɗi jimla,
har da rabin tan, har da nauyin da laka ta ƙara.
Manoma kan ce kansa ya fi littafin kamfani gaskiya.

Ran Talata likita Mereoni ta ce masa:
Ɗari, a cire bakwai.
Ya ce casa'in da uku, ya gyara zama, har da murmushi.
Ta ce a sake cire bakwai.
Fanka na juyawa a sama. Wani jariri na tsala kuka a baranda.
Babana ya dubi tafin hannunsa
kamar mai neman canjin da ya tabbata ya karɓa.

Ta juya bayan takardar magani ta zana mini bishiya,
ta yi mata saiwoyi sirara, sun fi gashi siranta.
Ta ce, ga hanyoyin jini a cikin ka.
Zaƙi in ya daɗe yana yawa, yakan cinye su sannu-sannu
yadda tsatsa ke cin layin dogo a damina.
Kuma ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, in ji ta,
abin da jini ya kawo yanzu shi za ta ci yanzu.
In ya yi yawa ta wahala,
in ya yanke ta galabaita.

Na ga yankewar da idona.
Ƙarfe uku na dare, gumi ya jiƙa matashi,
hannu na rawa, yana laluben takalmin aiki,
wai an busa usur, wai rake na jiransa.
Ya kira ni da sunan yayarsa da aka ƙona gawarta tun ina goye.
Na jiƙa sukari a rabin kofi, na lallaɓa shi ya sha.
Minti goma sha biyar na ƙirga a agogon bango
kafin ya dawo cikin idanunsa,
ya ce, Saras, me ya hana ki barci?

Zuma ga zaƙi ga harbi.
Abin da ya biya mini kuɗin makaranta,
abin da ya rufa ɗakin nan da kwano,
shi ke ɗauke mini uba lamba bayan lamba,
shi kuma ya mayar mini da shi a daren nan.
Ban san wa zan yi wa fushi ba.

Yanzu kalanda ce ke riƙe masa kwanaki.
Na yi allura ko ban yi ba?
Sai in nuna masa layin da ya ja da hannunsa.
Tabarau a cikin gwangwanin shinkafa,
roti biyu ya koma ɗaya, shayi babu komai,
yana sha yana harara ta.

Da yamma mukan bi gefen gonar Ilaitia a ƙafa,
don likita ta ce tafiya ma magani ce.
Yakan tsaya ya ƙare wa raken kallo,
leɓɓansa na motsi, ba ya cewa komai.

Daren Alhamis ina duba masa ƙafafu,
tsakanin yatsu, ko akwai ciwon da bai ji ba,
ruwan ɗumi a kwano, tawul a kafaɗata,
sai na ji murya daga sama da kaina,
a hankali, irin ta mai faɗa wa akawu jimla:

Tamanin da shida.

Ban ɗago ba.
Na ce haka ne, Baba,
na ci gaba da goge masa dunduniya.